Yadakunya da Kutaren Ƙasar Haɗeja

A shekarar 1937 mishan ta SIM, wadda ta haifi ECWA, ta karɓi kula da zangon kutare na lardunan Kano, Katsina da Sakkwato: Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Kafin nan gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakuna. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa, domin aiki ne da ba kowa ke sonsa ba.

A wancan zamani masarautar Haɗeja tana cikin Lardin Kano. Saboda haka kuturun Birniwa, ko masuncin bakin Kogin Haɗeja, in yana son magani sai ya bar gona da koma da iyali ya nufi Kano. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yana bi ta Birniwa, amma sai mai kuɗin tikiti. Matar da aka saka saboda cutar kuwa, wa zai raka ta? Ba wanda ya rubuta doka cewa kada a yi wa talakan ƙauye magani. Nisa da tsari ne suka hana shi, har yatsunsa suka gutsure yana gida.

Waɗanda suka isa sun sami abinci da gona, da allurar wani mai da ake kira calmugra, mai zafi ƙwarai, ba kuma kasafai take warkarwa ba. Sun sami hannun da ya taɓa su ba ƙyama, kamar yadda muke karantawa a Markus 1:41. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a nan ya kamata mai hidima ya dakata. Hannun da ke riƙe da allura shi ke riƙe da Littafi Mai Tsarki, majinyaci kuwa ba shi da wani wurin zuwa. An kuma raba jarirai da iyayensu don gudun kamuwa, suka tashi a hannun mishan. Wasu sun ba da gaskiya da zuciya ɗaya, ba mu shakka. Duk da haka, "i" ɗin wanda ba shi da ikon cewa "a'a" abin a auna ne, kuma sarakuna da malamai sun yi ƙorafi a kan haka tun a lokacin.

Sauƙi ya zo da ƙwayar dafson, wadda aka gwada a Uzuakoli a ƙarshen shekarun 1940. A shekarun 1950 aka fara raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da haɗin maganin kuturta kyauta. Sai dai jikokin mazauna Yadakunya na farko har yau suna zaune a gefen asibitin.