Ma'auni da Ingancin Kuben Babban Fim a Yanayin Fadamar Haɗeja: Duba Daga Jahun

Tsakure

Maƙalar ta duba kuben da ake zura falle-fallen fim a cikinsa domin babbar kyamara, ta auna ƙa'idar masana'anta da yanayin Jahun a Jihar Jigawa. Matsayarta ita ce, a ƙasar da itace ke kumbura da damina ya tsuke da hunturu, awo ɗaya ba ya wadatarwa.

Ma'aunin kube

Kube ƙaramin akwati ne shafaffe mai ɗaukar fim biyu, gaba da baya, kowanne da marfin da ake zarewa lokacin ɗauka. Girmansa na Amurka shi ne inci 4×5, 5×7 da 8×10. Na Turai kuwa santimita 9×12, 13×18 da 18×24. A kuben zamani, bayan na 9×12 daidai yake da na 4×5, ciki ne ya bambanta. Nan masu sayen na hannu ke yin asara, domin kube zai shiga kyamara lafiya lau, fim kuma ya ƙi zama.

Wannan ba baƙon kaya ba ne a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya ɗauki akasarin hotunansa a kan 13×18.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne zurfin da ke tsakanin fuskar kube da inda fim yake kwance. Mai hoto yana saiti ne a kan gilashin bayan kyamara, sannan ya zura kube, don haka dole fim ya faɗa daidai gurbin da gilashin yake. Ƙa'idar masana'anta ta ANSI ta sa wannan zurfi inci 0.197 ga 4×5, wato milimita 5, da sassaucin inci 0.007 sama ko ƙasa, kimanin milimita 0.18. Idan aka ɗauki milimita 0.1 a matsayin iyakar dushewar da ido zai lamunta, lissafi ya nuna fim zai iya gocewa da milimita 2.2 a buɗin idon kyamara na f/22 ba a gane ba, amma a f/5.6 abin da ya rage 0.56 ne kacal. Kuben da ya kantare da rabin milimita ya kusa cinye wannan duka, mai hoto kuma sai ya ɗora wa idon kyamara laifi.

Kube a yanayin Jahun

Daga Yuni zuwa Satumba fadama na cika, iska ta yi laima; daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo da bushewa. Tsofaffin kuben katako irin na Graflex suna shan abin da ƙyauren ɗaki ke sha: ya cije da damina, ya yi sako-sako da hunturu. Mahaɗar kusurwa ita ke fara buɗewa, haske ya silalo ta nan.

Na roba, irin su Fidelity, Lisco da Toyo, sun fi riƙe awonsu, kuma a ganina su suka fi dacewa da nan. Amma suna da tasu cutar. Idan aka zare marfi da sauri a busasshiyar iska, robar na jawo ƙura ta manne a fuskar fim. Kowace ƙwayar ƙura tana tare haske, ta fito baƙin ɗigo a hoton da aka wanke. Ƙyallen karan-miskin da ke bakin ramin marfi, wanda aikinsa tare haske ne, shi ma yana tara yashi har ya riƙa kartar marfin. Zafin bazara kuma yana narkar da gam ɗin tef ɗin da ke riƙe da leɓen ƙasan kuben.

Saboda haka a auna zurfin kowane kube a kusurwa huɗu da tsakiya, sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya a Agusta, a rubuta lamba a jikinsa. Gwajin yoyon haske ba ya buƙatar fim mai tsada: a yanka takardar wanke hoto a zura, a ajiye kuben a rana na 'yan mintuna ana juya shi, sannan a wanke takardar a duba gefunanta.