Daga Malthus Zuwa Biliyan Takwas: Waiwaye Kan Yawan 'Yan Adam

Gabatarwa

Bahaushe kan ce jama'a rahama ce, kuma ba mu da ja a kan haka. Sai dai tarihi ya nuna cewa fiye da shekara 200 ke nan masana na muhawara a kan ko ƙasa za ta iya ciyar da wannan rahama. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun muhawarar, mu ga inda masu tsoro suka yi gaskiya da inda suka yi kure.

Hasashen Malthus

Sai wajen 1804 'yan Adam suka cika biliyan 1, watau miliyan dubu. Dab da wannan lokaci, a 1798, wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya wallafa littafinsa kan yawan jama'a. Hujjarsa ita ce, mutane kan riƙa ninkawa ne, alhali abinci ƙaruwa yake yi kaɗan-kaɗan. Don haka, a ganinsa, idan ba a jinkirta aure ba, yunwa da annoba da yaƙi ne za su rage cinkoson.

Jama'a kuwa ba su fasa ƙaruwa ba. An kai biliyan 2 a 1927, biliyan 3 a 1960, biliyan 4 a 1974. Babban dalilin shi ne raguwar mace-mace, musamman na ƙananan yara, saboda allurar rigakafi da tsabtataccen ruwa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Haihuwa ta daɗe ba ta ragu ba bayan mutuwa ta ragu, kuma wannan tazara ce ta haifar da bunƙasar.

Abin da Malthus Bai Hango Ba

A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar sarrafa sinadarin naitirojin na iska, sannan Carl Bosch ya mai da ita sana'ar masana'antu a 1913. Tushen takin zamani ke nan. Daga bisani Norman Borlaug, yana aiki a Meziko, ya samar da gajeriyar alkama mai yawan yabanya, wadda ta bunƙasa noma a Indiya da Pakistan, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970. Bugu da ƙari, Amartya Sen ya nuna a 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943 ta fi alaƙa da tsadar abinci da rashin abin saye a hannun talaka fiye da ƙarancin hatsin kansa.

Lokacin da Tsoro Ya Zama Doka

Duk da haka, fargaba ta sake kunno kai. A 1968 Paul Ehrlich na Amurka ya yi hasashen cewa ɗaruruwan miliyoyi za su mutu da yunwa a shekarun 1970. Hakan bai faru ba, amma irin wannan tunani ya shiga fadar masu mulki. A zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, daga 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutanen Indiya aikin hana haihuwa, da yawansu a kan tilas, akasarinsu talakawa. Wannan na cikin dalilan faɗuwarta a zaɓen 1977. Ita kuma ƙasar Sin ta bi dokar ɗa ɗaya tun daga 1980 har ta sanar da soke ta a 2015. Sakamakonta shi ne rinjayen maza a kan mata da yawaitar tsofaffi, har yawan jama'arta ya fara raguwa a 2022. Taron Alƙahira na 1994 ne ya karkata akalar duniya daga tilastawa zuwa ilimin mata da lafiyar iyali.

Kammalawa

Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa mun cika biliyan 8. Saurin ƙaruwar, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara a shekarun 1960, yanzu ya sauko ƙasa da kashi 1. Amma cetonmu daga hasashen Malthus yana da farashi: ruwan ƙarƙashin ƙasa na Punjab yana ja da baya, dazuzzuka suna komawa gonaki, yanayi yana ɗumama, kuma ƙasashe masu arziki ne suka fi fitar da hayaƙin da ke jawo haka.

Mu a nan abin ya shafe mu kai tsaye, domin Afirka ta kudu da Sahara ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka na ƙaruwar da ta rage. Nijeriya ta tashi daga kusan miliyan 56 a ƙidayar 1963 zuwa miliyan 140 a ta 2006. Darasin Indiya da Sin shi ne tilas ba ta da albarka. Darasin Sen kuwa shi ne rabo na adalci. Idan ba mu tanadar wa yaranmu makaranta da asibiti da gona mai albarka ba, to, mun yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.