Cibiyar Mutum-mutumi ta Carnegie Mellon: Inda Aka Rushe Katangar Sassa

A 1979, lokacin da masana'antun ƙarfe na birnin Pittsburgh a Amurka suka fara durƙushewa, Jami'ar Carnegie Mellon ta buɗe cibiyar binciken mutum-mutumi mai suna Robotics Institute. Mutum uku ne suka aza tubalinta: Raj Reddy, masanin kwamfuta haifaffen Indiya, wanda ya zama daraktanta na farko, Angel Jordan, shugaban tsangayar injiniya, da Tom Murrin na kamfanin Westinghouse, wanda ya samo kuɗin fara aiki. Abin da suka hango shi ne babu sashen jami'a guda da zai iya ƙera mutum-mutumi shi kaɗai. Idonsa aikin masu sarrafa hoto ne, gaɓoɓinsa na injiniyoyi, tunaninsa kuma na masu binciken ƙirƙirarriyar basira, fannin da Allen Newell da Herbert Simon suka share wa fage a wannan jami'a tun shekarun 1950. Da an danƙa cibiyar ga sashe ɗaya, sauran baƙi za su zama. Sai aka bar ta da cin gashin kanta, kowa ya shigo a matsayin ɗan gida.

Amfanin wannan shawara ya fito fili tsakanin 1984 da 1995. William Whittaker na jami'ar, wanda aka fi sani da Red, injiniyan gine-gine ne, amma na'urar da tawagarsa ta ƙera ce ta shiga ƙarƙashin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1984, wurin da tiririn guba ya hana ɗan Adam shiga bayan hatsarin 1979. A 1988 cibiyar ta fara ba da digirin digirgir a fannin mutum-mutumi, irinsa na farko a duniya. A 1994 mutum-mutumin cibiyar mai suna Dante II ya gangara cikin ramin dutse mai aman wuta na Spurr a Alaska. Sai kuma 1995, da Dean Pomerleau da Todd Jochem suka ratsa Amurka daga Pittsburgh zuwa San Diego a motar Navlab 5, kwamfuta na riƙe da sitiyari kusan kashi 98 cikin ɗari na hanyar. Birki da totur ne kawai ke hannunsu. Pomerleau ɗin nan ya riga ya koya wa manhaja tuƙi ta kallon yadda direba ke yi, tun kafin irin wannan koyo ya zama ruwan dare. Mai rubuta lissafi ba ya samun wannan dama sai in akwai mai walda da garejin gwaji kusa da shi.

Masu suka na cewa kaso mai tsoka na kuɗin binciken daga DARPA yake, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka. Gaskiya ne, amma a wancan zamani wa kuma zai zuba kuɗi a motar da ke rarrafe kamar kunkuru? Gasar DARPA ta 2007, wadda motar jami'ar mai suna Boss ta lashe, ita ta yaye da yawa daga cikin waɗanda ke ƙera motocin farar hula masu tuƙa kansu a yau. Haka ma 2015, da kamfanin Uber ya kwashi ma'aikata kusan 40 daga reshen cibiyar na injiniya: ya girgiza gidan, sai dai ba a zuwa wawason rumbun da babu hatsi.

Yau manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta wasiƙa da fassara littafi, amma ninke riga ko hawa matakala da kaya har yanzu yana ba na'ura wahala. Kamfanoni na hayar gwanaye su kulle su kan haja ɗaya mai kawo riba da wuri. Ɗalibin da zai iya zama da masanin gani da safe, da yamma ya kwance injin hannu, har yanzu daga wurare irin wannan cibiya yake fitowa, kuma ba su da yawa.