Magajin Gari

magā̀jin gàrī (sn., nj.; mc. magājìyar gàrī, jm. magā̀dan gàrī) < magā̀jī + gàrī.

1. Sarautar gargajiya a fada, kamar a Sakkwato: *an naɗa shi ~.*

2. (Nijar) Shugaban ƙaramar hukuma, wanda kansiloli ke zaɓa daga cikinsu (har zuwa Afrilun 2024): *~n Maijirgi, ~ ya tara kuɗin kasuwa.* Gundumar Tasawa na da ƙananan hukumomi 7, ta Mayahi 8, ciki har da Kanambakashe da Sarkin Hausa.

Bayani: Wasu na ƙin ma'ana ta 2, wai magaji mai cin gado ne, kujerar ƙuri'a kuwa ba a gadonta. Hujjar ba ta da ƙarfi. Ko sarautar kanton ba gado zalla ba ce, tunda masu gari ne ke jefa ƙuri'a su fid da ɗaya cikin 'yan sarki. Kuma tun zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 kalmar ta zauna a bakin talaka, wanda ya san inda zai nemi takardar haihuwa. A majalisar ƙaramar hukuma ma, kafin a rushe ta, iyaka a fili take: sarki na da kujera da shawara, amma ba ya ƙuri'a. Inda sunan bai dace ba shi ne kan wanda aka naɗa daga Yamai bayan rushe majalisun a Afrilun 2024. Wannan kantoma ne.

Dang.: gā̀dā (fi.), gādṑ (sn., nj.). Dubi: kansila, kantoma, zaɓe.