Yadda Mutanen Kaduna Suka Koyi Jin Maganar Juna

Kaduna ba tsohon gari ba ne. Ba ta da ganuwa kamar Kano ko Zariya, ba ta da ƙofofi, ba ta kuwa da unguwar da za a ce mutanenta sun gaje ta tun kaka da kakanni. Kafin zuwan Turawa wurin ƙauyukan Gwarawa ne jefi-jefi, da Fulani masu kiwo, ga kogi mai kadduna, waɗanda a ke cewa daga gare su aka sami sunan garin. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin domin yana kan hanyar jirgin ƙasa, ga ruwa kuma wadatacce. Aka fara kawo soja, sa'an nan cikin 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan, aka gina ofisoshi da barikoki a arewacin kogin.

Saboda haka kusan duk wanda ya zauna Kaduna a farkon zamaninta baƙo ne, kowa da harshen da ya zo da shi. Makarantu kuwa kaɗan ne ƙwarai, su ma na yara ne. Manyan da suka cika garin a bariki da tasha da kasuwa suka yi karatunsu, kuma bukata ce ta sa su, ba wata doka ba.

Bari mu fara da bariki, gama shi ne ya fi tsufa. Rundunar sojan da Turawa suka kafa ta tara ƙabilu iri iri, da Hausawa, da Barebari, da Zabarmawa, da Tibi, da Nufawa, da Dakarkari, da mutanen duwatsun Bauci. Umurnin fareti da Turanci a ke ba da shi, amma sauran magana duka da Hausa ce, har hafsoshi Turawa ma sai sun ci jarrabawar Hausa. Yaro ya fito daga ƙauyensu bai san ko “zo” ba, in ya yi wata shida a bariki sai ka ji shi yana ciniki, yana zagi, yana rantsuwa. Amma Hausar da ya koya ba ta Kano ba ce. Ba ta rarrabe namiji da mace, sai ka ji soja ya ce, “Matana ya tafi kasuwa.” Ba ta damu da ƙ da ɗ da ɓ ba. Ita ce a ke kira Barikanci. Malamai suna yi mata dariya, amma a ganina ba ta cancanci raini ba, don da ita mutum dubbai suka fara gaisawa da wanda ba yarensu ɗaya ba. Ta ƙofar bariki kuma kalmomi masu yawa suka shigo mana, kamar soja, da kofur, da saje, da samanja, da hafsa, da fareti, har bariki kanta. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka kai sojanmu Bama daga 1943 zuwa 1945, an koya wa da yawansu Turanci da ɗan karatu, don su iya karanta alama da rubuta wasiƙa gida. Da suka komo, wasu suka zama masinjoji da direbobi da masu gadi a Kaduna, suka shigo gari da abin da suka koyo.

Na biyu shi ne reluwe. Hanyar jirgi ta isa Kano cikin 1911, ta ratsa ta Kaduna, aka haɗa ta da ta Ikko. Kafin 1930 kuma hanyar gabas wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Kafanchan ta zo ta haɗu da ita a nan. To, jirgin ƙasa bai san mutumci ba, takarda ya sani. Tikiti takarda ne, rasit na kaya takarda ne, lokacin tashi kuwa a rubuce ya ke, da lambobin Turawa. Ɗan kasuwar da a dā ya ke riƙe lissafinsa a ka, ko ya ƙulla da amintaccen madugu, sai ga shi dole ya san bambancin 6 da 9, in ba haka ba a cuce shi. Akawunan tasha kuwa galibi mutanen Kudu ne, Yarabawa da Ibo, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas, waɗanda suka yi makarantar mishan. Su suna bukatar Hausa don su sayi abinci su yi magana da leburori, Hausawa kuma suna bukatar su don takarda. Kowa ya ɗebi wani abu daga bakin ɗan'uwansa. Kalmar akawu kanta daga Yarabanci ta ke, haka nan agogo, da ashana, da asusu. Su kuma suka tafi gida da wahala da lafiya da tsire da suya.

Kasuwa ba sai an daɗe a kanta ba. Bagwariya ta kawo doya da itace, Bafillatana ta kawo nono, Bayarabiya ta kasa atamfa, ɗan Ibo ya buɗe kanti, kuma duk da Hausa su ke taya wa juna. Yaran da aka haifa a Tudun Wada da Sabon Gari da Unguwar Shanu, waɗanda iyayensu suka yi haya gida ɗaya, suka tashi da harshe biyu ko uku ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Batun rubutu shi ya fi wuya, kuma a nan ne ya kamata mu tsaya kaɗan. Kada wani ya ce Turawa sun tarar da mu ba mu iya karatu ba. Tun da daɗewa akwai makarantun allo, akwai malamai masu rubuta Larabci, akwai kuma ajami, watau rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, wanda da shi a ke rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu. Amma gwamnatin Turawa ta zaɓi boko don aikin ofis. Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya kuma tsara ƙa'idodin rubutun Hausa da baƙaƙen Turawa cikin 1912. Daga baya, zamanin Dokta East a Zariya, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, don a rarrabe baki da baƙi, da kuma dauri da ɗauri. A tsofaffin birane ajami ya riƙe martabarsa, gama can malamai su ke da gari. A Kaduna kuwa ofis ke da gari. Takardar haraji, da sammacin kotu, da takardar neman aiki, da allon sunan titi, duk da boko su ke. Mutum ya sauke Alkur'ani, ya iya rubuta wasiƙa mai kyau da ajami, amma in ya zo neman aikin masinja sai a rubuta shi cikin marasa ilmi. Wannan rashin adalci ne, kuma shi ne ɗaya daga cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka daɗe suna ƙyamar boko.

Wanda bai iya boko ba sai ya nemi mai iyawa. A bakin gidan waya da bakin kotu a kan sami masu rubuta wasiƙa da ɗan teburinsu, ka faɗa musu abin da ka ke so, su rubuta, ka biya. Amma duk wanda ya taɓa faɗa wa baƙo asirin gidansa don a rubuta, ya san zafin abin. Kai mai karatu, in ka shiga ajin manya da furfura a kanka, wataƙila irin wannan ne ya kai ka.

Akwai kuma wata hanya da boko ya bi, wadda ba a cika ambatonta ba. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausar boko, Dokta Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar. Mishan da suka shiga ƙasashen kudancin lardin Zazzau da duwatsun Jos sun tarar da harsuna masu yawa, ba su iya rubuta littafi da kowanne ba, sai suka riƙa koyarwa da Hausa. Saboda haka mutanen Bajju da Atyap da Ham da maƙwabtansu da Hausa suka fara karatu, da ita su ke waƙa da addu'a a majami'a. Da suka zo Kaduna neman aiki, sai ya zama Musulmi da Kirista suna iya karanta takarda ɗaya, ko da ya ke ta ƙofa dabam dabam suka shigo.

Takardar da ta fi haɗa su kuwa ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Zariya aka fara buga ta, cikin watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta, kuɗinta kwabo. Jirgi ya kan kawo ta Kaduna. Ba wanda ya saya kaɗai ke amfana da ita ba. Da yamma mai iya karatu ya zauna a dandali ko gindin inuwa, mutane su kewaye shi, ya karanta labarin yaƙi da wasiƙun masu karatu da ƙarfi, a tsaya a yi gardama, sa'an nan a ci gaba. Wanda ya ji an karanta wasiƙar wani talaka kamarsa, da sunansa da sunan garinsu, sai sha'awa ta kama shi shi ma ya iya. Daga baya jaridar ta komo Kaduna, hannun kamfanin New Nigerian, wanda ya fara buga jaridarsa ta Turanci ran 1 ga Janairu 1966.

Gwamnati ba ta tashi tsaye kan karatun manya ba sai bayan 1950. A wannan shekara ce Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, aka kuwa gane gyara ba shi yiwuwa muddin talaka bai iya karanta rasit ɗin harajinsa ba. Aka kafa Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a zauruka da rumfuna, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Bazazzaga da Himma da Sodangi da Zaruma. Motar majigi kuma ta riƙa zagawa da dare, tana nuna fim a fili, mai bayani yana fassarawa da Hausa. NORLA ba ta yi tsawon rai ba, aka rufe ta cikin 1959. Abin lura a nan shi ne, a Kaduna ajin manya bai fara daga ƙasa ba. Ya tarar da mutane sun riga sun san lambobi daga tikiti, sun san wasu baƙaƙe daga allon kanti da jikin mota, sun kuma san daɗin jarida tun ba su iya karanta ta ba.

Sa'an nan rediyo ya zo ya tsallake takarda gaba ɗaya. BBC ta fara watsa labarai da Hausa cikin 1957, gwamnatin Sardauna kuma ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna cikin 1962. Muryar Kaduna ta riƙa kaiwa har Nijar da Kamaru da Gana, Hausawan zango suka riƙa jin gida. Amma rediyon ma ya kan mai da mutum ga alƙalami, gama mai son a gaishe da danginsa a shirin Zaɓi Sonka dole ya aika da sunaye a rubuce. A gidan nan ne kuma Barikanci ya sami ranarsa. Usman Baba Pategi, Banufe ne kuma tsohon soja, ya fito da wasan Samanja Mazan Fama, yana magana da Hausar bariki gauraye da Turancin bariki. Bahaushe ya yi dariya don ya ji an karya harshensa, wanda ba Bahaushe ba ya yi dariya don ya ji kansa. Ya rasu cikin 2023.

Duk waɗannan makarantu abu ɗaya su ke bukata, watau mutane su riƙa cuɗanya kullum. Muddin masaƙun Kakuri suna aiki, tun daga 1957 da aka buɗe ta farko, ma'aikata dubbai su kan ƙetare gada safe da yamma, daga arewa zuwa kudu. Sai masaƙun suka durƙushe, jirgin ƙasa na dā ya yi rauni, sa'an nan rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002 suka zo, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mutane suka kwashe kayansu, galibin Kirista suka koma kudancin kogi, galibin Musulmi suka taru a arewa. Garin ya yi ta miƙewa ta hanyar Zariya, ya wuce Kawo, ya kai Rigachikun da Mararrabar Jos da Katabu. Hausa ba ta ɓace a ko wane gefe ba, har yanzu da ita a ke ciniki da hira a ƙetaren biyu. Amma yaron da aka haifa a sababbin unguwannin arewa bayan 2000 yana iya girma bai taɓa zama gida ɗaya da mai wani yare ba, abin da kakansa na Tudun Wada bai sani ba.

Wayar hannu, wadda ta shigo cikin 2001, ta kawo nata darasin. Mutane da yawa da ba su taɓa zama a aji ba sun koyi baƙaƙe don su nemo sunan ɗan'uwa a cikin waya. Wayoyin farko ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai matasa suka saba rubutu ba lanƙwasa, suka koma inda aka tsaya kafin zamanin Dokta East. Wanda bai iya rubutun ba kuma yanzu ya kan danna waya ya yi magana, muryarsa ta tafi Kano ko Ikko ko Makka, ba tare da ya biya mai tebur a bakin gidan waya ba.