Ranar da aka fitar da Weizenbaum daga ɗaki

A tsakiyar shekarun 1960, a jami'ar MIT da ke kusa da birnin Boston a Amurka, wata sakatariya ta zauna gaban na'ura mai kama da keken rubutu, ta soma hira da wata manhaja da maigidanta, Joseph Weizenbaum, ya tsara. Ta san abin da take magana da shi, domin ta shafe watanni tana ganin ana haɗa shi a gaban idonta. Amma ba a yi nisa da hirar ba sai ta juyo ta roƙi maigidan ya fita ya bar mata ɗakin. Shi da kansa ya ba da wannan labari, kuma ya ci gaba da maimaita shi har tsufansa.

Sunan manhajar ELIZA, an bayyana ta ga duniya a watan Janairu na 1966. Aikinta bai taka kara ya karya ba. Takan lalubi wata kalma cikin abin da aka rubuta mata, ta juya "ni" ya koma "kai", ta mayar wa mutum zancensa a matsayin tambaya. Idan ya ambaci mahaifiyarsa, sai ta nemi ya ƙara bayani kan iyalinsa. Idan ba ta sami abin kamawa ba, sai ta ce ya ci gaba, ko ta tono wata magana da ya yi a baya. Weizenbaum ya sa ta kwaikwayi likitocin damuwa masu bin tafarkin Carl Rogers, saboda mai irin wannan aiki yana iya daɗewa yana tambaya ba tare da ya nuna ya san komai ba. Wayo ne na kauce wa wahala, sai ga shi ya taɓa wani abu mai zurfi: mai kaɗaici ba ya binciken wanda ke saurarensa.

Wasu sun ga alheri a nan. Kenneth Colby, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Stanford, ya rubuta tare da abokan aikinsa a 1966 cewa na'ura ɗaya za ta iya sauraron ɗaruruwan marasa lafiya cikin awa guda. A 1975 masanin taurari Carl Sagan ya yi hasashen rumfuna irin na tarho, inda mutum zai biya ƴan daloli ya amayar da abin da ke cikinsa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: likitoci kaɗan ne, masu damuwa kuwa ba su ƙidayuwa. Sai dai Weizenbaum ya firgita. Bayahude ne da aka haifa a Barlin a 1923, iyayensa suka gudu da shi daga mulkin Nazi a 1936, ya kuma san abin da ke faruwa idan aka mai da mutane lambobi. A littafinsa na 1976 kan ƙarfin kwamfuta da hankalin ɗan Adam, ya bambanta lissafi da zaɓi, ya ce akwai ayyukan da ke buƙatar girmamawa da fahimta da ƙauna, waɗanda bai kamata a miƙa wa na'ura ba ko da ta iya kwaikwayonsu. Abokan sana'arsa da dama sun ɗauke shi wanda ya ci amanar gida.

A daidai waɗannan shekaru akwai wata hanya ta daban, wadda ba a cika tunawa da ita ba. A 1968 J. C. R. Licklider da Robert Taylor suka wallafa maƙala suna kallon kwamfuta a matsayin hanyar sada mutum da mutum. A 1973 wasu matasa, cikinsu har da Lee Felsenstein, suka ajiye na'urar rubutu a bakin wani shagon sai da faya-fayi a Berkeley, suka haɗa ta da babbar kwamfuta a San Francisco ta wayar tarho. Sun kira abin Community Memory. Kowa na iya rubuta buƙatarsa, kowa na iya nema: makaɗi ya sami abokin kiɗa, matafiyi ya sami wanda zai rage masa hanya. Wannan na'ura ba ta da wata basira, aikin dillali kawai take yi, ta haɗa biyu ta koma gefe. Gaskiya ita ma hanyar ba ta tsira ba, domin da kamfanonin sada zumunta irin su Facebook suka gano cewa kuɗin talla yana bin tsawon zaman mutum gaban allo, sai dillalin ya ƙi barin kasuwa.

Misalin da ya fi nuna cewa abu ɗaya yana iya bin kowace hanya ya fito ne daga Japan. A 1993 injiniya Takanori Shibata ya fara aikin Paro, mutum-mutumi mai laushin gashi da siffar jaririn wata dabbar teku, wanda ke motsi da kuka idan an shafa shi. Binciken da shi da Kazuyoshi Wada suka yi a wani gidan tsofaffi ya nuna cewa da aka ajiye Paro a falon da kowa ke zama, tsofaffin sun ƙara hira da junansu. Ita kuwa Sherry Turkle ta MIT, a littafinta na 2011, abin da ya dame ta shi ne tsohuwar da aka bari ita kaɗai tana zuba wa na'ura baƙin cikinta, masu kula da ita sun sami sararin tafiya. Duka biyun sun ga gaskiya. Bambancin shi ne inda aka ajiye abin, da kuma wanda ya saura a ɗakin.

Zamanin ƙirƙirarriyar basira mai iya zance kamar mutum ya mai da tsohuwar gardamar kasuwanci. Manhajar Replika, da Eugenia Kuyda ta fitar a 2017, ta samo asali ne daga rashi: abokinta ya rasu a 2015, ta tattara saƙonninsa ta gina abin da ke amsawa da salonsa. Daga baya miliyoyin mutane suka yi abota da manhajar, wasu har soyayya. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa kamfanin birki, shi kuma ya sauya halin manhajar, sai ga mutane suna makoki kamar an yi musu mutuwa. A watan Mayun shekarar babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka, Vivek Murthy, ya ayyana kaɗaici a matsayin annoba. Wani bincike da OpenAI da MIT suka fitar a Maris na 2025 ya gano cewa waɗanda suka fi daɗewa kullum suna hira da ChatGPT sun fi kukan kaɗaici, kodayake bai tabbatar da wanne ya haifi wanne ba.

Weizenbaum ya koma Barlin a tsufansa, ya rasu a 2008, bai ga wannan ba. A Oktoban 2025 jihar Kalifoniya ta kafa doka da ta tilasta wa manhajojin abota su riƙa tunatar da yara, aƙalla kowace awa uku, cewa su huta, kuma cewa ba da mutum suke magana ba. Sakatariyar MIT ta san da haka tun kafin ta zauna, ta kuma nemi a bar mata ɗakin.