Lissafin Wutar da Ba a Sha ba: Tasirin Arthur Rosenfeld a Binciken Tsimin Makamashi a Gine-gine

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin gudummawar Arthur Rosenfeld (1926–2017), masanin fiziks ɗan Amurka, ga binciken tsimin makamashi a gine-gine. Ta nuna cewa babban gadon da ya bari shi ne hanyar lissafa wutar da aka rage sha, har a iya jera ta da wadda tashoshi ke samarwa. Ta kuma nuna cewa hujjar da aka fi yaɗawa da sunansa ita ce mafi rauni.

Gabatarwa

Rosenfeld bai fara da gini ba. A Jami'ar Shikago ya yi digirin digirgir a 1954 a hannun Enrico Fermi, sannan ya shafe kusan shekara ashirin a Barkeli, jihar Kalifoniya, yana binciken ƙananan ƙwayoyin zarra tare da Luis Alvarez. Takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ne ya juya akalarsa. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, wani yammacin Juma'a ya lura cewa za a bar fitilun ofisoshin da ke hawansu a kunne har safiyar Litinin, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. A 1974 ya shiga shirya taron nazari a Firinston kan amfani da makamashi, a 1975 kuma ya kafa rukunin binciken gine-gine a ɗakin bincike na Lawrence da ke Barkeli.

Abin da ya canza

Daga wannan rukuni aka samu manhajar DOE-2, wadda ke ƙididdige wutar da gini zai sha tun yana kan takarda. Nan ne kuma aka bunƙasa gilashin taga mai siririn shafi da ke tare zafi, da na'urar lantarki da ta buɗe hanya ga ƙananan ƙwayayen fitila marasa shan wuta.

Sai dai a ganin wannan maƙala, tasirinsa ya fi zurfi a wajen lissafi. Kafin lokacin, idan aka ce tsimi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne haƙuri: a kashe fitila, a jure sanyi. Rosenfeld da abokan aikinsa, musamman Alan Meier, suka kawo wata tambaya daban: nawa ake kashewa kafin a rage shan kilowat-awa ɗaya? A ɗauki ƙarin kuɗin da ingantacciyar taga ta ci, a raba shi a kan shekarun da za ta yi, sannan a raba da wutar da ta rage. Idan abin da ya fito bai kai farashin wutar sabuwar tasha ba, to tagar ta fi tashar araha. Da haka tsimi ya zama hajar da kamfanin lantarki da hukuma za su iya yin cinikinta. Littafin da Meier da Janice Wright da Rosenfeld suka fitar a 1983 ya shimfiɗa wannan hanya dalla-dalla.

Firji ne ya fi nuna amfanin hakan. A tsakiyar shekarun 1970 sabon firji a Amurka yana shan kusan kilowat-awa 1,800 a shekara. Bayan ƙa'idojin da Kalifoniya ta fara, gwamnatin tarayya ta bi, ya dawo ƙasa da 500 a farkon shekarun 2000, alhali girmansa ƙaruwa ya yi. A 2010 Jonathan Koomey da wasu masana suka ba da shawarar ma'auni mai suna Rosenfeld: tsimin kilowat-awa biliyan 3 a shekara, kwatankwacin abin da tashar kwal mai megawat 500 ke bayarwa.

Taƙaddama kan misalin Kalifoniya

Tun tsakiyar shekarun 1970 wutar da kowane mutum ke sha a Kalifoniya ta tsaya kusa da kilowat-awa 7,000 a shekara, ta Amurka baki ɗaya kuwa ta ƙaru da kusan rabi. An laƙaba wa wannan bambanci sunan Rosenfeld, wanda ya yi kwamishina a hukumar makamashi ta jihar daga 2000 zuwa 2010. Amma a 2008 Anant Sudarshan da James Sweeney na Jami'ar Stanford suka gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na tazarar za a iya dangantawa da manufofin tsimi. Arik Levinson ma, a 2014, ya jingina mafi yawanta ga wasu dalilai, irin su sauƙin yanayin jihar da yawan mutanen da ke zaune a gida ɗaya. Waɗannan bincike ba su rushe aikin Rosenfeld ba. Sun nuna ne cewa yabon da ya wuce kima yana rufe ainihin hujja, wadda take a ma'aunin firji da taga da fitila, inda ake iya sake gwaji.

Farin rufi

A ƙarshen rayuwarsa Rosenfeld ya duƙufa kan rufin da ke mayar da hasken rana, tare da Hashem Akbari. Tun 2005 ƙa'idar gini ta Kalifoniya ta buƙaci irin wannan rufi a shimfiɗaɗɗun rufunan gine-ginen kasuwanci. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Kano ko Damagaram cikin bazara ya san muhimmancin batun, kuma Nijeriya ta fitar da nata kundin ƙa'idar tsimin makamashi a gini a 2017. Amma ƙura tana rage hasken da farin fenti ke mayarwa, saboda haka ba za a ari alƙaluman Barkeli kai tsaye ba. Aikin da ke gaban masu bincike a nan shi ne su auna zafin ɗaki kafin hunturu da bayansa, su lissafa kuɗin fenti da na wanke rufi, su kwatanta da abin da maigida ke kashewa kan fanka da man janareta.